Adireshin da ba ya fita waje

Ina tankaɗen garin masara, ɗiyata Hafsat tana bitar karatun kwamfuta a gefena, tana kuma lallaɓa ni in bar ta zuwa bikin ƙawarta a Malumfashi.

Ta ce, "Mama, kowace na'ura da adireshinta. Wanda ya fara da 192.168 na cikin gida ne, ba ya fita waje."

Na ce, "Madalla! Na'ura ma ta san tarbiyya. Ke ma zauna."

Ta yi dariya. "Ai saƙonta yana fita, amma sai ta hannun rauta, akwatin nan mai raba intanet."

"To ni ce rautar gidan nan. Shirya, tare za mu."

Ta turo baki, amma ga ta tana goge mini mayafi.

Iyaye mata, na tsananta ne?