Akwatin Inna a Kan Rufi

Shekarun baya, lokacin da saƙon gida a kaset yake zuwa mana, na ɗauko mahaifiyata na kawo ta Jidda bayan rasuwar mahaifinmu. Ina ɗinki a Bab Makka, muna zaune a Sharafiyya, hawa na ƙarshe. Da ƙyar na samo mata iƙama, wato takardar izinin zama. Ba ta cika shekara ba ta ce ita gida za ta koma.

Can gida babu mai kula da ita, kuma na san in ta fita, dawowarta sai wani ikon Allah. Na tambaye ta me ta rasa.

Ta ce, "Ƙasa. Garin da ko tafasa ba ta fitowa, ta yaya zai riƙe mutum?"

Ni ba na son abu a hargitse, don haka na zauna na tsara. Na farko, na roƙi mai gidan ya bar mini rufi. Ya ce halas, in dai ruwa ba zai ɗigo masa ba. Na biyu, na sa ƙanwata ta aiko da irin yakuwa da rama da lalo da zogale, kowanne a ƙullinsa. Na uku, na tara gwangwanayen madara masu tsayi ɗaya, na jera su da igiyar awo kamar sahun salla. Na huɗu, na jira lokacin shuka.

Lokacin shukar garinmu fa. Da aka ce damina ta sauka a gida, ni ma na shuka. A nan kuwa lokacin ne simintin rufi ba ya takuwa da ƙafa. Tsiron ya leƙo, ya dahu a tsaye.

Inna ta hau ta duba, ta ce, "Sannu sarkin layi. Sojojinka sun mutu, amma dai a sahu suka mutu."

Matata ta juya baya tana dariya. Ni ban yi ba, don da muka sauko Inna ta jawo akwatin ƙarfenta ta fara ninke zannuwa. Na yi ta ba ta haƙuri, wata bayan wata.

Da ɗan sanyin Jidda ya shigo, matata ta hau share rufin. Ta juye ƙasar gwangwanayen da ragowar irin, duk a haɗe, a lungun da muke tara tarkace. Sai aka yi ruwa.

Wata safiya Inna ta hau shanya, shiru ba ta sauko ba. Na bi ta. Na same ta a tsugune gaban lungun. Yakuwa ta fito cikin fasasshen baho, lalo ya ratsa murfin tsohuwar fanka, rama da zogale sun cakuɗe, har da tumatir da ba wanda ya san daga ina ya zo.

Na ce, "Inna, bari in cire su in jera."

Ta ce, "Taɓa ka gani. Ka taɓa ganin an jera daji?"

Daga ranar rufin ya fita hannuna. Ta shuka a buta, ta shuka a tsohon takalmina, ta dasa zogale a cikin mataccen injin wanki. Tsuntsaye suka fara sauka. Maƙwabta suna hawowa tsinkar ganye, tana yi musu faɗa tana cika musu kwano.

Rannan na dawo daga shago, na tarar ta sa an hau da akwatin ƙarfen nan, babu komai a ciki. Ta miƙo mini ƙusa, ta ce, "Huda mini gindinsa, barkono zan sa."

Na huda. A layi na huda, ita kuma ta yi kamar ba ta gani ba.

Da zafi ya dawo yawancin shukar ta bushe, amma Inna ko a jikinta. Ta tara iri ta ƙulle, ta ce a jira sanyi. Haka muka yi ta yi shekara da shekaru, tana tare da mu.

Yanzu in na tuna, nakan ga ni ma da daminar garinmu na zo a kaina, na daɗe ina jin haushin Jidda don ta ƙi bin ta. Ashe tana da tata, a cikin sanyi. Har yau ina son layi, shagona shaida ne. Amma duk shekara in sanyi ya shigo, nakan hau rufi in watsa irin Inna a haɗe, in sauko ban jera komai ba.