Gurbin Yatsan Gwaggo Dije

Duk wanda ya taɓa cin abincin Gwaggo Dije, to ya ci da tambarin yatsanta a ciki, ko ya lura ko bai lura ba. Ku da kuka zauna da ita a Falgore kafin ta dawo wurinmu Karaye kun fi ni sani. Dambu ne, alale ne, shinkafa da wake ce, ba za ta rufe kwano ba sai ta wanke hannu ta dangwala yatsa a tsakiyar abincin, ta ɗaga kai sama kamar mai sauraron kiran salla daga nesa. In da sauran zafi sai ta ce, "Bai gama numfashi ba." Shi ke nan, kowa ya tsaya. Mai babur ɗin da ke kai yara makaranta yana ƙofar gida yana ta danna hon, ni ina neman mayafina, Gwaggo kuwa tana kan kujera 'yar tsugunno tana yi wa dambu fifita.

Ƙanwar mahaifin maigidana ce. Jinyar ƙafa ta kawo ta gidanmu, ta warke sarai, ana shirin mayar da ita sai ta leƙo kicin wata safiya ta tarar ina juye taliyar leda da zafinta a kwanon yara ina danne murfi.

"Wannan fa?"

"Abincin makaranta ne, Gwaggo."

"Jiya da me suka tafi?"

"Ita."

"Shekaranjiya fa?"

Na ci gaba da danne murfi. Ta juya ta dubi Hafsa, autata, wadda a lokacin in iska ta taso sai ka ji kamar ka riƙe ta. A asibiti an faɗa mini jininta ya yi ƙasa, lallai ta riƙa cin abinci da rana, amma kullum yadda kwanon ya tafi haka yake dawowa. Gwaggo ta ce, "Ko akuyata a Falgore ana sauya mata dusa da harawa. Ku kwance mini kayana, na fasa tafiya."

Ni malama ce, a wata makaranta can wajen Kurugu nake koyarwa, kuma barcin bayan asuba shi ne ɗan abin da na mallaka a duniya. Gwaggo ta ƙwace shi. Kafin in shafa addu'a zan ji turmi yana amsawa. Dokarta ita ce abin da yaro ya ci yau ba zai gan shi gobe ba. Yau dambun masara da zogale, gobe alale, jibi dankali da ƙuli-ƙuli, gata kwaɗon rama, a gefe kuma dole a sa wani ɗanyen abu, ko yalo, ko gwaiba, ko mangwaro in lokacinsa ne. Na taɓa ce mata, "Gwaggo, makaranta za su fa, ba biki ba." Ta ce, "Na sani, 'yar nan. A biki ai ba a tambayar mutum biyu sau bakwai da yunwa a cikinsa." Na ɗauki taɓarya.

Da maigidan ya ga wahalar ta yi yawa, sai ya sayo wa yaran kuloli masu kyau daga Kano, irin waɗanda ke riƙe zafi har la'asar. Ya kawo yana ta murna. Gwaggo ta karɓi ɗaya, ta buɗe, ta sansana, ta leƙa ciki kamar rijiya.

"Ɗanlami, ta ina abincin zai sha iska?"

"Ai amfaninta ke nan, Gwaggo, ba ya shan iska."

"To kai ma in toshe ka haka tun safe har azahar, mu ga ko ba za ka yi tsami ba."

Ta ci gaba da amfani da tsofaffin kwanonin samira, tana naɗe kowanne da tsumman buhu da ta jiƙa ta matse. Mai da yaji kuwa ba sa haɗuwa da abinci sai a makaranta, kowanne da 'yar kwalbarsa, wai in an haɗa tun a gida kafin a tashi tara abincin ya gaji. Kulolin nan sun ɓace, muka neme su muka rasa. Sai da aka daɗe na gan su a ƙarƙashin gadonta, ɗaya cike da goro, ɗaya da daddawa. Na ce, "Gwaggo, ashe dai suna da amfani." Ta ce, "Ga goro, ƙwarai. Yaron nan ya iya sayayya, bai dai san abin da ya sayo ba ne."

Wanda ba zan manta ba shi ne ranar da Sadiku, babban ɗana, ya dawo da kwaɗo ya yi yami. Gwaggo ta sansana ta titsiye shi, ya ce a kan taga ake jera kwanoni, rana tana dukansu tun safe. Washegari ba ta gaya wa kowa ba, ta ɗauki sandarta da igiya ta bi bayan yaran. Malamin ajin ne ya ba ni labari daga baya, yana yi yana share hawayen dariya. Wai yana cikin darasi ya ga hannu ya shigo ta taga yana kwashe kwanoni.

"Baba, sannu da zuwa. Lafiya dai?"

"Lafiya lau, Malam, ci gaba da karatunka. Kai ka shiga inuwa ka bar abinci a rana."

Ta rataye kwanonin yarana a reshen darbejiya, ta koma gida abinta. Sauran yara suka gani, su ma suka kai nasu gindin bishiyar. Kafin a tashi tara akuyar maƙwabta ta miƙe da ƙafa biyu ta janyo na Sadiku, ta lashe shi tas. Yaro ya dawo yana kuka, ni kuma raina ya ɓaci, don na gaji da zama abin labari a gari. Gwaggo ta tambaye shi, "Ta taɓa na sauran yaran da ke ƙasa?" Ya ce a'a. Ta gyara zama ta ce, "To ka gani. Har dabba ta san wanda aka dafa da hankali." Washegari sai ta koma ta rage wa igiyar tsawo.

Gaskiya na sha jin haushinta. Na sha makara a wurin aiki saboda ana jiran alale ya yi numfashi, na sha shiga aji da warin daddawa a hannuna. Amma kwanon Hafsa ya fara dawowa rabi, daga baya ya koma dawowa wayam, kumatunta suka fito. Ban taɓa tambayar yadda aka yi ba. Na ɗauka daɗin girki ne kawai.

Gwaggo ta rasu da damina, bayan 'yar gajeriyar rashin lafiya. Da aka share makoki na ɗaura ɗamara, na ce ba zan bari abin ya lalace ba. Na yi dambu, na yi alale, na jiƙa tsumman buhu, na raba mai da yaji. Abu ɗaya na bari, jiran nan da dangwala yatsa, don ba ni da lokacinsa. Sadiku yana cinyewa. Kwanon Hafsa kuwa ya koma dawowa a cike. Na lallasa, na yi faɗa, na sauya girki, duk a banza. Na ga wuyanta ya fara tsawo kamar da, tsoro ya kama ni sosai.

Wata safiya ina rufe kwanon, ga gajiya ga ciwon kai, na ce, "Hafsa, don Allah me na rage? Ba irin na Gwaggo ba ne?"

Ta leƙa ciki ta ce, "Babu ramin."

"Wane rami?"

"Na yatsanta. Ta ce daga nan zan fara, in yi ta ci ina zagaye shi har ya ɓace. In bai ɓace ba, za ta gani."

Na tsaya riƙe da murfi. Mai babur yana ta hon a waje. Na wanke hannu na dangwala yatsa a tsakiyar dambun, zafi ya gasa ni na janye da sauri. Hafsa ta miƙo mini maficin Gwaggo ta ce, "Umma, bai gama numfashi ba." Na zauna a kan kujerar nan ina fifita, hawaye yana zuba, ban ma damu da gogewa ba.

Ranar na makara, kuma har yau makara nake yi. Kwanon ya dawo da ɗan saura kaɗan, da ƙorafin wai ramina ya karkace, ba a tsakiya yake ba. Na ce zan gyara.

Allah ya jiƙan Gwaggo Dije, ya yafe mata, ya yafe mana ƙunƙunin da muka yi a bayanta. Yadda ta hana rana dukan abincin 'ya'yana, Allah ya sa ta a inuwarsa, ya sanyaya makwancinta. Amin.