Hannun da Ya Riƙe Mana Eriya

A jikin ƙarfen eriyar da ke bayan shagon guga akwai wuri ɗaya da tsatsa ba ta ci ba. Sumul yake, yana sheƙi, daidai faɗin tafin hannu. Hannun Baba mai guga ne ya goge shi.

Tun muna yara aikinsa ke nan: da safe ya hura gawayi, ya zuba a dutsen guga, ya tanƙwara a kan tebur har la'asar. Da an taso makaranta sai ya jingine dutsen, ya shimfiɗa tabarma, domin a layin kaf shagonsa kaɗai ke da talabijin, kuma lokacin katun ya yi. Sai dai eriyar 'yar rigima ce. Iska kaɗan, hoto ya koma yashi. Dole wani ya tsaya a waje ya riƙe ƙarfen, kuma Baba bai taɓa yarda yaro ya fita ba.

"Baba, dama! A'a, ka wuce! Yauwa, kada ka motsa!"

Ba ya motsawa. Matar mai shayi ta sha ganinsa cikin ruwan sama, roba kife a ka, hannu a ƙarfe. Katun ɗin da aka fi so shi ne na wata bushiya mai jar lema da 'yar ƙararrawa a wuya, wadda ke yawon duniya tana neman ƙaninta. Baba ya san ƙarar ƙararrawarta, ya san muryarta, amma ko sau ɗaya bai ga fuskarta ba. In an tashi sai ya leƙo yana murza kafaɗa: "To, yau ta gan shi kuwa?" Kafin ya rufe baki yara sun watse.

Baba, kai ne allon da ba a kallo. Kai ka sa iyaye mata suka san inda 'ya'yansu suke har magariba, ba a bakin titi ba, ba a bakin rijiya ba.

Bana kafaɗar ta ƙi, ya miƙa wa ɗan ƙanensa shagon. Yaran wancan lokaci, waɗanda yanzu suka zama masu gemu da masu goyo, suka ce sai sun karrama shi: za a nuna masa kashi na ƙarshe, inda bushiya ta gamu da ƙaninta. Baba ya yi murna har ya kasa ɓoyewa. Ya goge farar rigarsa da kansa, ya zo tun kafin kowa, aka zaunar da shi a kujerar gaba.

Nan fa abin haushin ya soma. Dogo, wanda yanzu direba ne, ya kawo babban allo, ya haɗa shi da wayarsa da doguwar igiya. Kafin a kunna, musu ya kaure.

"Lemar ja ce."

"Kai Dogo, shuɗiya ce! Ai kullum a baya kake zama, me ka gani?" in ji Lauya, wadda tun tana ƙarama ta ci sunan saboda gardama.

"Da wa ke tare mini, in ba ƙaton kanki ba?"

Aka kunna. Bushiya ta taka sau biyu, hoto ya daskare. Babu sabis a cikin shagon. Wannan ya ce a sauya waya, wancan ya ce laifin igiya ne, kowa na magana, babu mai tashi. Baba ya dubi allon, ya dube su. Sai ya miƙe a hankali, ya ɗauki wayar ya zagaya baya, ya ɗaga ta sama jikin ƙarfen nan da kafaɗar da likita ya hana shi ɗagawa.

Hoto ya dawo tar.

"Yauwa, Baba, kada ka motsa!"

Dogo ne ya faɗa, bai ko waiwayo ba. Manyan mutane da hankalinsu, jama'a! Kujerar gaba na nan wayam a tsakiyarsu, suna ta ƙyalƙyala dariya kamar 'yan aji ɗaya.

Baba, mun gode, kuma ka yafe mana. Ku kuma masu karatu, ku yi koyi da shi, amma don Allah in kuna jin daɗin wani abu ku leƙa waje ku ga wa ke riƙe da shi, ku karɓe shi ko na ɗan lokaci.

Sai da bushiya ta rungume ƙaninta, shago ya ɗauki tafi, sannan Lauya ta tuna, ta ruga baya tana kiran, "Baba, ta gan shi!" Ta tarar da wayar ɗaure a jikin ƙarfen da igiyar shanya, daidai wurin nan mai sheƙi. Can ƙarshen layi farar riga tana shan kwana, hannu ɗaya dafe da kafaɗa.