Gwiwar da ta ƙi lanƙwasuwa

Assalamu alaikum. Wata tara ke nan ban ce uffan a shafin nan ba. Waɗanda suka yi ta kira ban ɗauka ba, ku yafe ni.

Ina dawowa gida Babura daga Kanya Babba, da buhun riɗi a bayan babur, tayar gaba ta fashe. Ƙashin cinyata ya karye. Aka yi min aiki, aka sa ƙarfe, ƙashi ya haɗe.

Na ɗauka an gama. Ashe gwiwa ta sandare. Salla a kan kujera, banɗaki sai an riƙe ni. Shekarata arba'in da ɗaya, na fara tunanin a haka zan ƙare.

Likita ya tura ni sashen gashin ƙashi a Kazaure. A zatona ruwan zafi ne da tsumma, irin na gida.

Ranar farko tambayoyi kawai na sha. Ma'aikacin da ya karɓe ni, Malam Sabi'u, ya duba hoton ƙashin, ya auna iya inda gwiwar ke tsayawa. Ya ce, "Alhaji, me ka fi so ƙafar nan ta yi maka?"

Na ce, "Sujada."

Ya ce, "Za mu gwada. Amma ban yi maka alkawarin rana ba, kuma akwai zafi."

Sau biyu a mako nake zuwa. A ɗora min abu mai ɗumi, a liƙa wayoyin wata na'ura da ke sa naman cinya tsalle, sannan ya kama ƙafar ya dinga lanƙwasawa a hankali. Na ciji hulata ba sau ɗaya ba. Kuɗin mota ma ya fi na gashin ci mana rai.

A mako na biyar na ce na haƙura. Na yi kwana goma sha biyu a ɗaki, gwiwar ta fara komawa yadda take. Matata Hajara ta kira yayana Haruna. Yana shigowa ya ce, "Tashi ka sa riga. In kuka ne, a can za ka yi shi."

Da muka koma, Malam Sabi'u bai yi min faɗa ba. Ya koya wa Hajara atisayen gida da tawul, safe da yamma.

Ranar da goshina ya taɓa ƙasa, na daɗe ban ɗago ba.

Har yanzu ina ɗan ɗingishi, amma na koma kasuwa. Alhamdulillahi. Yaya, Hajara, Malam Sabi'u, Allah ya saka muku.

In likita ya tura ku gashi, kar ku jinkirta. Ku je da takardunku da wando mai faɗi. In zafi ya wuce misali ku faɗa, kar ku gudu kamar ni.

Akwai wani dattijo daga Roni da na bari can, ɓarin jikinsa ya shanye. Jiya ɗansa ya kira ni, wai dattijon ya riƙe cokali da kansa. Ku sa shi a addu'a.