Ranar da Wasm ya fitar da ni kunya a Khaddamari

A asibitin Khaddamari, layin mata ya kai har bakin ƙofa, jarirai na ta kuka, sai kwamfutar asibitin ta mutu murus.

Ni na rubuta manhajar da ke nuna allurar rigakafin da ta rage wa kowane jariri. Sista Rifkatu, ma'aikaciyar jinya, ta juyo ta kalle ni.

"Malam Bukar, in sallame su? Wasu da ƙafa suka zo."

"Sista, don Allah ki ba ni minti biyar. Akwai wata kwamfutar?"

Sai wata tsohuwa a ɗakin magani, kuma ba irin tamu ba ce.

Kwanakin baya na mayar da manhajar kan Wasm, tsarin da ke sa fayil ɗaya ya yi aiki a na'urori iri-iri. Abokan sana'ata na unguwar Bolori har dariya suka yi mini, wai na cika rawar kai. Ni kaina ban taɓa gwada shi a wajen babbar kwamfutarmu ba.

Na kwafo manhajar da bayanan daga filashi zuwa tsohuwar kwamfutar. Na danna. Sunaye suka fito!

Sista ta ɗaga murya ta kira mai jaririn da ke gaba a layi: "Falmata, shigo da shi!"

Sai lokacin na ji rigata ta jiƙe sharkaf.

'Yan uwa masu rubuta manhaja, da ku ne, za ku yi wannan kasadar a gaban jama'a?