Baba Nata'ala, Mai Gyaran Kaburbura

Na Allah ne mu, kuma wurinSa kowa zai tattara ya koma. Ranar Talata, sha biyu ga watan Azumi, daidai da biyar ga Mayu 2020, da hantsi, Allah ya karɓi ran Baba Nata'ala na Unguwar Jalo, a mazaɓar Sabon Birni ta ƙasar Gwarzo. Ya yi jinyar kwana huɗu. Mu bakwai muka yi masa sallah.

Ni ne Tasi'u mai faci, wanda rumfarsa ke bakin hanya, daura da maƙabarta. A aji huɗu na bar firamare, don haka a yi haƙuri da rubutuna. Kwana tara ke nan ina jiran wani mai ilimi ya rubuta, ban ga kowa ba.

Baba, tun shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a aka kafa kwamitin maƙabarta a garinmu. An ce ku goma sha biyu ne. Da na yi wayo kai kaɗai na tarar. Kowace shekara, kafin ruwan farko, sai ka bi gida gida kana kiran gayya. Mai diga ya ɗauko, mai shebur ya ɗauko, mai kwanon sarki ma haka. Duk kabarin da damina ta rufta sai a cike shi, a ɗebo sabuwar ƙasa a tada masa doro, a yayyafa ruwa a lailaye. In ka ga yaro yana jefa ƙasa daga nesa, sai ka riƙe masa hannu ka ce, "A hankali, ɗan nan. Ba ka bin sa bashin faɗa."

Babu allo ko ɗaya a maƙabartar nan, amma ka san kowa da makwancinsa. Ina da shekara shida mahaifiyata ta rasu, na girma ban san inda take ba, kuma kunya ta hana ni tambaya. Wata gayya ka lura ina zagaye da kwanon ƙasa a ka, na kasa saukewa. Sai ka ja ni gindin aduwa, ka nuna na uku daga gabas. "Uwaliya ce nan. Zuba mata." Ka juya mini baya har na gama kukana.

Kai ne kuma kake tsokanata kullum in za ka wuce zuwa gona. "Sarkin iska! Allah ya ba mu ita kyauta, kai kana sayarwa." In ce, "Baba, kawo kekenka in ba ka kyauta." Ka ce keken ya fi ni shekaru, in gaishe shi tukuna.

Bana mun yi gayyar saura kwana uku Azumi. An riga an hana fita saboda korona, kasuwanni a rufe, wasu gidajen sau ɗaya ake ɗora tukunya. Wasu suka ce a bari sai baɗi. Ka ce ruwa ba ya jin dokar gwamnati, sai dai mu rarrabu, kowa da layinsa. Kabari arba'in da ɗaya muka tayar cikin kwana uku.

Rana ta ƙarshe wata mota ta yi faci a gabana. Mai ita yana da kati a wuya, ya ce ɗan jarida ne. Ina cire taya ya haye katanga da wayarsa, ya dawo yana tambaya. Wallahi na gaya masa komai. Na ce tsofaffi ne, gyara muka yi, wasunsu sun girme ni. Na ce mutum biyu muka binne a watan nan, tsohuwa ɗaya da jariri. Ya gyaɗa kai, ya rubuta, har ya ce Allah ya ba da lada.

Bayan kwana biyu hoton ya cika wayoyi. Maƙabartarmu ce, ga aduwar nan. A sama da manyan baƙi: TASHIN HANKALI! SABBIN KABURBURA 41 CIKIN KWANA UKU A WANI ƘAUYEN GWARZO.

Ni ba na karatu da sauri, sai na bi da yatsa. Shi ya sa na kai ƙarshe. Can ƙasa, bayan tallan maganin basir, an rubuta: "Sai dai wani mazaunin garin ya ce gyara aka yi." To a nan kaina ya ɗaure, har yau bai warware ba. Mutumin bai ɓoye maganata ba, ga ta nan. Lissafinsa ma daidai ne. Amma kowa ya karanta ya tashi da ƙarya a cikinsa. Na kawo maka wayar a soro na karanta maka. Sai ka ce, "Ashe mun iya aiki, tun da an ɗauka sababbi ne." Ka yi dariya, amma ba ka ci gaba da gyaran fartanyar da ke hannunka ba.

Daga ranar masu babur suka daina tsayawa a rumfata. Matan da ke kai ƙuli-ƙuli maƙwabta aka riƙa dawo da su daga bakin gari. Muka yi ta rantsuwa babu wanda annoba ta kashe.

Sai kai ka kwanta.

Zazzaɓi ne, da ɗan tari, ga hawan jinin da ka daɗe da shi. Na ɗauko ka a babur zuwa wani asibitin kuɗi, muka tarar da kwaɗo a ƙofa. Muka dawo da ƙwayoyin da mai kemis ya miƙo ta taga. Ba wanda ya yi maka gwajin korona, da rai ko bayan rai. Yanzu mutane suna tsayawa daga nesa suna tambayata, ita ce? Rediyo da safe ya ce ita ce take kashe dattawa a Kano. Da yamma wani ya ce zafi ne da cizon sauro. A waya wani ya rantse babu cutar ma sam. Ni da na riƙe kanka ban sani ba. In na ce ba ita ba ce, na faɗi abin da ban sani ba. In na ce ita ce, sai su ce to ga shi, jarida ta yi gaskiya. Kuma wani lokaci nakan zauna in ce, da na yi facina na rufe bakina? Amma hoton ai ba da bakina aka ɗauka ba.

Ban ga laifin wanda ya ji tsoro ba. An ce kada a taru, kuma mai yiwuwa hakan ne daidai. Sai dai a satin nan an yi jana'iza a garin da ke gaba da mu, sahu biyar, har da mutanen garinmu waɗanda ka haƙa wa iyayensu kabari da hannunka. Adawiyya, 'yarka da ke aure a Kabo, dangin mijinta sun ce in ta tako garin nan kada ta koma. A waya take kuka. Inna Hanatu, matarka ta shekara arba'in, tana cikin takaba, kullum da safe sai ta sa a share soro a shimfiɗa tabarma uku. In na shiga gaishe ta bayan la'asar, daga bayan labule take tambaya, "Tasi'u, wa ya zo?" Na gaji da ce mata rana ce ta yi zafi, ga Azumi.

Allah ya jiƙanka, Baba Nata'ala. Ya yalwata maka kabari, ya haskaka shi, ya sa wannan wata mai alfarma ya cece ka. Duk kwanon ƙasar da ka ɗauka domin wani, Allah ya ɗora maka shi a mizani. In annobar ce, Allah ya ba ka ladan shahada, ya ɗauke mana ita. In ba ita ba ce, Shi ya san abin da ya kira ka da shi. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna Hanatu, da Adawiyya, da ƙaninka Malam Ja'afaru, da duk mutanen Unguwar Jalo. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata tamu in ta zo.

Wanda ya karanta har ya iso nan, gidan yana bayan masallacin Juma'a, mai ƙofar langa-langa. Ba sai ka shiga ba, ba sai ka ba kowa hannu ba. Tsaya daga waje ka ɗaga murya ka ce, "Inna, ya haƙuri?" Kunnenta ƙalau, za ta ji.