Sunayen da Na Goge a Fiyanon Pak Rahim

Ranar Talata da hantsi ina shan shayi, ɗana Kabiru ya fito daga ɗakin da yake koyar da ɗalibansa ta kwamfuta, ya tsaya a bakin ƙofa da waya a hannu. Ya ce, "Baba, Pak Rahim ya rasu a asibiti. Korona ce." Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sannan na shanye shayin, na wanke kofin, na kife shi. Har yau ban yi kuka ba. Ban yi boko ba, saboda haka surukata Hadiza ce ke rubuta wannan, kuma na ce kada ta gyara mini magana.

Ni kafinta ne daga Kano. An kawo ni Kuala Lumpur ta ƙasar Malesiya aikin ido na wata biyu, sai aka rufe ƙasa. Da aka buɗe, Kabiru ya riƙe fasfona, wai babu mai kula da ni a gida tunda uwarsa ta rasu. Wannan maganar tana nan, ba mu gama ta ba.

A ƙaramin masallacin unguwar Keramat na san Pak Rahim, Pak ɗin kamar mu ce Baba ne. Katakon ajiye takalma yana rawa, kowa ya wuce shi, ni na kasa. Ina cikin gyarawa wani siririn dattijo Bamale, ɗan asalin ƙasar, ya tsuguna, ya bi gaɓar da babban yatsansa, ya gyaɗa kai. Shi ya yi Larabcin makaranta, ni kuma na yi shekara tara ina kafinta a Jidda, na kwaso na kasuwa. Da wannan gurgun Larabcin muka yi zama, da hannu, da kalmar Malay ɗaya da na iya, boleh, wato zai yiwu. Komai ya tambaye ni sai in ce boleh. Shi ya sa ya sa mini suna Haji Boleh.

Sana'arsa gyaran tsofaffin fiyano. Da na fara shiga shagonsa na gaya masa ni ba ruwana da kiɗa, katako na sani. Ya ce, "Katakon nake so. Kunne ina da shi, gwiwa ce babu." Laimar ƙasar nan tana sakin gam, gara kuma tana cin ƙafafu, to wannan ne aikina. Shi nasa wayoyin ciki da 'yan gudumomin da ke bugunsu. Zai taɓa maɓalli ɗaya, ya rufe ido, ya juya ƙarfe kaɗan, ya sake taɓawa, har azahar. Bai taɓa barin ladan ya fara kira yana bugawa ba. Kullum matarsa takan ƙunso shinkafa a ganyen ayaba, ƙunshi biyu, kuma da ya lura barkononsu bai ishe ni ba sai ya ajiye mini kwalbar yaji a kan shiryayye.

Akwai wani baƙin fiyano da ya girme mu duka, na wata tsohuwa 'yar Sin da ta gaje shi daga uwarta. Hauren giwar da ke kan maɓallan ya yi rawaya, na tsakiya har sun lotsa saboda yatsu. Na ce a sa sababbi farare. Ya ce, "Haji, tsufa ba lalacewa ba ne. Kai ma haƙoranka rawaya ne, ban ce a cire ba." Yakan ce sabon fiyano kowa yana iya samu, amma muryar wannan sai da katakon ya yi shekaru yana bushewa kafin ta fito.

Wata rana ya tafi kai matarsa asibiti, ya bar ni da maɓallan a jere a kan tebur. Na ɗauki na farko, na ga gefen katakonsa cike da zanen fensir, wani da boko, wani da rubutun Sin, wani da irin namu na ajami. A wurinmu kafintan da ya bar zanen fensir a jikin aiki bai gama aiki ba, ubangidana ya sha marina a kan haka. Na ɗauki sanfefa na goge shi tas, ya fito fari kamar yau aka fere shi.

Da ya dawo ya riƙe katakon ya daɗe yana kallo. Ashe al'adar masu wannan sana'a ce, duk wanda ya gyara fiyano sai ya rubuta sunansa a gefen maɓallin farko. Mutum bakwai ne a wurin. Na shida mahaifinsa ne, na bakwai shi kansa. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Haji, wannan tak boleh," wato ba zai yiwu ba. Na ce ai da ya gaya mini. Ya ce ai da na tambaya. Na ce ni ba yaron shagonsa ba ne, na girme shi da shekara huɗu. Na ɗauki hulata na fita.

Har yanzu ina cewa da ya gaya mini. Na ce wa Hadiza ta rubuta haka.

Sati uku ban koma ba. Sau biyu ya aiko da ƙunshin shinkafa, na ci, ban aika da godiya ba. Ina jira ya zo da kansa, sai aka sake hana fita, masallacin ma aka rufe. Daga nan sai labarin da Kabiru ya kawo. Ba mu yi masa salla ba. A waya na ga jana'izar: mutane cikin fararen rigunan leda, an yi masa taimama a kan jakar da aka sa shi, iyalinsa suna tsaye can nesa bayan igiya. Na kalla sau ɗaya na miƙa wa Kabiru wayarsa.

Bayan an sassauta doka 'yarsa Aishah ta kira Hadiza, ta ce a kawo ni shagon. Na tarar da fiyanon a kan bulo, ƙafar hagu babu, tana kan tebur yadda na bar ta rabin fiƙa. Kwalbar yajin tana nan. Aishah ta yi magana, Hadiza tana fassara: "Kawu Haji, na ce wa Baba ya kira wani kafinta, tsohuwar tana jira. Ya ce a'a, Haji zai dawo, taurin kai ne kawai, shi ma katako ne, sai ya bushe."

Na ɗaura zanen aiki. Kwana huɗu na yi a kan ƙafar. Wayoyin ciki ya riga ya gama su, ban taɓa ko ɗaya ba. Da na zo mayar da maɓallan na duba na farko, ko ya sake rubuta sunayen. Bai rubuta komai ba. Fari yake yadda na bar shi. Na tambayi Aishah sunan kakanta, na ari fensir, na rubuta da ajami: Yusuf, a ƙarƙashinsa Abdurrahim ɗan Yusuf. Ta karanta ba tare da an fassara mata ba. Sauran biyar ɗin ban san su ba, ita ma ba ta sani ba, kuma babu wanda za a tambaya. Ta ce in sa nawa. Na ce tak boleh.

Allah ya jiƙan Pak Rahim, ya yalwata kabarinsa, ya sa ciwon da ya ɗauke shi ya zama kaffara. Sallar da ba mu samu yi masa ba, Allah ya sa mala'iku sun yi. Allah ya ba matarsa lafiya da haƙuri, ya tsare Aishah da 'ya'yanta. Mutum biyar ɗin da na goge, Allah ya san sunayensu. Ni kuma, idan ya tafi da wani abu a ransa game da ni, ya Allah ka isar masa cewa na dawo. Amin.